Wahalar da Ake Saye da Kuɗin Waje

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa 'ya'yan masu hali da ma'aikatan ofisoshi masu sanyi, wato zuwa ƙasar waje neman wahala. Mutum zai ɗauki hutunsa na shekara, ya yanki tikitin jirgi zuwa Tanzaniya, ya isa garin Moshi, ya ƙirga dalar Amurka dubu biyu ko fiye ya miƙa wa masu shirya tafiya, don a bar shi ya yi mako guda yana taka sayyada, yana kwana a tanti, babu wanka. Dutsen Kilimanjaro zai hau, mai tsayin mita 5,895, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Afirka. To madalla. Sai dai mutumin nan fa ko masallacin unguwa da mota yake zuwa.

Da sayayya ake farawa. Takalmi mai kaurin gindi, jakar goyo, fitilar goshi, buhun barci, rigunan sanyi hawa uku, gorar ruwa mai tiyo, da sanduna biyu. Sanduna biyu, jama'a! Kakansa ya haura tamanin da sanda ɗaya, ita ma saboda karnukan hanyar gona yake riƙe ta. Saura mako biyu tafiya sai ya tuna da atisaye, ya goya jaka da asuba yana zagaya layi, har 'yan sintiri su tare shi suna tambayar gidan wa ya kwaso kayan.

Sai sallamar tsohuwa.

"Kai ɗan nan, me aka ajiye a saman dutsen?"

"Ba komai, Hajiya."

"Kasuwa ce ake ci, ko wani malami ne zaune a can?"

"Allo ne kawai na katako, an rubuta tsayin wurin."

"Allo? To Allah ya shirya."

Duk bayanin da zai biyo baya, babu wanda ya amsa tambayar Hajiya.

A ƙofar gandun dajin ake gane wanda ke hawa dutsen da gaske. Dokar wurin ba ta yarda baƙo ya hau ba jagora ba, kuma kowane baƙo yakan samu 'yan dako uku ko huɗu. Ana ɗora kayansu a sikeli, kilo 20 ne iyakar abin da aka yarda kowanne ya ɗauka. Su ke ɗauke da tanti, da tukunyar gas, da shinkafa, da tebur, da kujeru, har da masai na tafi-da-gidanka idan Yallaɓai ya ƙara kuɗi. Da safe sai ya tashi ya wuce, su tsaya naɗe zango, su cim masa a hanya da kaya niƙi-niƙi a ka, su gaishe shi su wuce. Kafin ya iso zango na gaba sun kafa tanti, sun dafa shayi, sun soya gugguru, sun ɗumama ruwan wanke hannu. Shi kuwa ya iso da 'yar jaka mai ɗauke da ruwa da cakulan da cajar waya, yana huci kamar tsohon injin markaɗe. Sai su tashi su tafa masa! A ƙarƙashin hoton da zai sa a Instagram kuwa za ka ga ya rubuta cewa juriya da jajircewa ne suka kai shi.

Al'adar ma ta tsufa. Tarihi ya riƙe sunan Bajamushe Hans Meyer da abokinsa Ludwig Purtscheller a matsayin waɗanda suka fara kaiwa ƙololuwa a 1889. Sunayen waɗanda suka yi musu dako sai an yi tono.

Daga kwana na uku dutse yake fara karɓar harajinsa. Kullum aka ƙara sama iska na ƙara sirancewa, har a ƙololuwa abin da huhu ke samu a kowace shaƙa bai wuce kusan rabin na bakin teku ba. Ciwon kai ya zo, amai ya biyo, abinci ya fita rai. Dutse bai san digiri ba, bai san matakin albashi ba. Wanda bai taɓa amsa gaisuwar maigadinsa da baki ba, yanzu ga shi riƙe da hannun ɗan dako yana ce masa "ɗan'uwana". Da asuba ya taɓa ruwan alwala ya ji ya koma ƙanƙara, nan take babin taimama da ya manta tun Islamiyya ya dawo masa tas, har da saɓanin malamai.

Ga kuma makwanci. A gida idan aka ɗauke wuta minti goma sai ya zagi gwamnati tun daga kansila. Nan ya biya kuɗi don a ba shi duhu, da tsakuwa a ƙarƙashin haƙarƙari, da masai na rami. Abin da ya hana shi kwana ɗaya a ƙauyensu ranar Sallah ke nan, ga shi yana ɗaukarsa bidiyo yana cewa ya samu natsuwa.

Daren ƙarshe na hawa, ga masu bin hanyar Machame, a zangon Barafu ake tashinsu wajen tsakar dare. Awa shida ko bakwai ana jan ƙafa cikin duhu da sanyin da ya wuce na firiza. Idan an kai wurin da ake kira Stella sai ya zube yana hamdala, a ce masa da saura kusan awa guda kafin Uhuru, wato ƙololuwar. Ya lallaɓa ya kai. Ga allon Hajiya, ga layin Turawa da 'yan Asiya kowa na jiran hoto. Ya zaro waya, sanyi ya shanye batir. 'Yan mintuna kaɗan jagora zai ce a juya, don wurin ba na zama ba ne.

Ni dai ban raina tafiyar ƙasa ba, gadonmu ce. Kakanninmu sun taka daga ƙasar Hausa sun ratsa Chadi da Sudan zuwa aikin Hajji, wasu shekaru suka yi a hanya suna ƙwadago suna ci gaba. Fatake sun kora jakuna har Gwanja saro goro. Makiyayi har gobe da shanunsa yake keta dazuka. Babu wanda aka ba takardar shaida. Namu kuwa da ya sauko za a miƙa masa tasa, ya sa ta a gilashi ya rataye a falo sama da hoton aurensa. Daga ranar kowace hira ta zama ta dutse. Ka yi masa kukan tsadar mai, ya ce ai lokacin da yake zangon Barafu ya gane duniya ba komai ba ce. Bayan wata biyu ka ji an gayyace shi taro yana koyar da darussan shugabanci da ya samo a saman Afirka.

Saboda haka mai niyyar zuwa bana, Allah ya kai ka lafiya, ba mu hana ba. Amma ka ware tukwicin 'yan dako tun daga gida, kada ka tsaya cinikinsa a gindin dutse. Idan za a ɗauki hoto ka jawo su gaba, ka tambayi sunayensu ka rubuta a ƙasa. Kai kuma ka tsaya daga gefe, ka riƙe musu sandunan.