Alhaji, wa ka bar wa shago da azahar?

A kowane zaman 'yan kasuwa ba a rasa mutum guda wanda da an ce a haɗa kai sai ya gyara zaman hula ya ce, "Ni fa ba na son hayaniya. Daga ni sai Allahna sai jarina." To Alhaji, sannu da ƙoƙari. Da kai nake yau, kuma na san kana karatu kana taɓe baki. Ci gaba da taɓewa, amma ka amsa mini: jiya da aka kira azahar, wa ka bar wa shagon? Ba maƙwabcin nan naka mai leshi ba, wanda kake cewa idonsa bai kwanta maka ba? Kayan miliyoyi ka bar masa ka tafi alwala, amma adashen dubu biyar ne ba za ka iya yi da shi ba.

Ka shiga Kantin Kwari da hantsi ka tsaya a bakin layi. Za ka ga matashi ba shago ba tebur, daga waya sai baki. Ɗan kayi-na-yi ke nan. Hajiya ta sauka daga Maraɗi ko Damagaram tana neman shadda da atamfa na lefe, sai ya tare ta, ya zaunar da ita a bencin wani, ya miƙa mata ruwan leda, ya ɓace a lungu. Kafin ta gama shan ruwan ya dawo da turame a kafaɗa. Ko sisi bai ba kowa ba. Abin da ya ce wa mai kanti kawai shi ne, "Alhaji, na ɗauki huɗu," Alhaji kuwa ko kai bai ɗago daga waya ba, yaron kanti ne ya ja biro ya rubuta. Kafin magariba, ko kuɗi su zo ko kaya su dawo. Jarin wannan matashi ba ya cikin aljihu. Yana wurin dattijon da ya riƙo hannunsa ranar farko ya ce wa mutanen layi, "Wannan ɗana ne, in ya ci muku kuɗi ku neme ni."

Na ji ka. "Ai wannan mai gata ne. Mu 'ya'yan Malam Shehu wa zai riƙo hannunmu? Shi kansa Ɗangote ba rance ya samu a gidan Ɗantata ba?" Haka ne, a 1977 dangin mahaifiyarsa ne suka ba shi abin da ya fara juyawa, ba mai musun wannan. Amma tun da ka ɗauko zancen, mu matsa baya mu je kan kakan mahaifiyar tasa. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, yana yaro mahaifinsa ya rasu. Fataucin goro ya yi ta hanyar Gwanja, ya zauna a Akara, kafin ya dawo Kano. Da kamfanin Turawa na Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa a 1918, abin da ya sa ya yi wa sauran masu saye fintinkau shi ne mutanensa: yara da wakilai a ƙauyuka, waɗanda yake danƙa wa kuɗi tun kafin kaka su bi manoma. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka kai masa kuɗin azurfa ajiya. Kana tsammanin shi kaɗai ya bi gonaki ya auno gyaɗar?

Kuma abin dariya, a Fagge kake zaune kana wannan magana, ko a Sabon Gari. Unguwanni biyu da asalinsu na baƙi ne. Fagge zango ce ta fatake da Buzaye a wajen ganuwa, inda baƙo ke sauka a gidan maigida, shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, in aka sayar bashi shi ne mai tsayawa. Sabon Gari kuwa ta tashi ne bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka ware ta don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Waɗannan mutane ba kawu ba goggo suka sauka. Sai suka ƙirƙiro dangi: ƙungiyar 'yan gari ɗaya, taron ƙarshen wata, asusun da ake taimaka wa wanda ya karye. Har gobe ɗan kasuwar Ibo zai ɗauko yaro daga garinsu, ya yi masa hidima shekaru, ya koyi ciniki, ya san masu kawo kaya, sannan a sallame shi da jari. Kai kana wucewa kana cewa mutanen nan ba sa gajiya da taro. Shekara ta zagayo ka ga yaron da ke share ƙofar shago ya buɗe nasa a layin gaba, kuma tsohon maigidan nasa ne ke ba shi kaya ya sayar ya kawo.

Ke ma Hajiya mai sayar da atamfa a WhatsApp, kada ki yi dariya, na zo kanki. "Ni ai daga ɗakina nake kasuwancina, ba ruwana da kowa." Madalla. Wa yake ɗauko miki hotunan sababbin zane a Kwari? Wane mai adaidaita ne kike ba kaya ba tare da kin bi shi ba? Wane ne a tashar New Road yake karɓar ƙunshinki ya tabbatar ya shiga motar Fatakwal? Ranar da ɗaya daga cikinsu ya kashe waya za ki san mutum nawa ne a ɗakin naki.

Yanzu bari in ba ku taku gaskiyar, don kada ku ce na yi son kai. Ana gudu da adashe. Akwai maigidan da in lokacin sallama ya matso sai ya gano cewa yaronsa ɓarawo ne. Akwai abokin haɗin gwiwar da riba tasa ce, asara ta Allah ce da kai. Duk an yi, ana kuma yi. Sai dai in ka bi diddigin yawancin rigingimun da ake kai wa shugabannin layi, za ka tarar ba takarda ba shaida, an dai ce "ai mun zama ɗaya." Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuwa sai mu ji kunyar fito da biro a gaban aboki, daga baya mu rasa kunyar kai shi kotu. Wanda aka cuta sau ɗaya ya rantse ya daina hulɗa da mutane, bai yi maganin komai ba. Littafi ya kamata ya saya.

Ranar wanka ce dai ba a ɓoye cibi. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. A watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa diloli na maƙudan kuɗi. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin naira, a farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, taransifa kuma ta tafi ta ƙi isa. A irin waɗannan ranaku, wanda ake ba kaya a kan amana shi ke buɗe shago washegari. Gudunmawa ma in ta zo, ta hannun ƙungiya take bi da jerin sunaye, kuma ba a rubuta sunan wanda ya ce kuɗin katin ƙungiya asara ne. Ko banki ka nufa, har da Jaiz da ya fara aiki a 2012 don masu gudun kuɗin ruwa, sai an tambaye ka wa zai tsaya maka. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da baje kolin da ake yi a titin Gidan Zu duk suna da amfaninsu, amma ba za su ƙirƙiro maka mutumin da zai ce ya san ka ba.

"To ta ina zan fara?" Au, ashe kana saurare. Karɓi kayan dubu hamsin ka ce Alhamis, ka kai Laraba. In mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, kada ka ce masa ya ƙare a kasuwa gaba ɗaya, raka shi wurin maƙwabcinka. In an yi rasuwa a gidan ɗan dakon da ke sauke maka kaya, rufe shagon awa guda ka je, ba za a saye Kwari a bayanka ba. Ka kuma daina canza mai ba ka sari saboda ragin naira ɗari biyu.

Kana iya cewa duk surutun marubuci ne, wanda bai taɓa sayar da ko ƙyalle ba. Ba komai. In ka gama karantawa dai ka mayar wa mai leshi mujallarsa, tun ɗazu yake leƙowa.