Aya Ta Yi Tsada

Ana ta kukan tsadar shinkafa da man fetur, ba wanda ya kula da yadda aya ta gagari marubutanmu na waya. Buɗe littafin soyayya a Wattpad ko a zaurukan WhatsApp ka sha kallo. Jimla ɗaya za ta ɗauko yarinya daga aji uku, ta kai ta jami'a, ta aurar da ita ga Alhaji mai jirgi, a yi saki, a yi kome, ba a tsaya ko sau ɗaya ba. Waƙafi kuwa sai ka rantse haramun ne. Mai asma kada ya kuskura ya karanta a bayyane.

Alamar motsin rai ce ke araha. Jaruma ta ga ƙadangare, alama bakwai. Mijinta ya rasu, bakwai ɗin dai. Ga ɗige-ɗige a jere bayan kowace kalma, kamar kaza ta bi ta kan shanya.

Inda abin ya fi ban tausayi shi ne raba kalmomi da haɗe su. Saurayi ya durƙusa gaban iyayensa, hawaye shaɓe-shaɓe, zai ce ita ce zaɓinsa, marubuciya ta rubuta "itace". Shi ke nan, ɗan mutane ya nace sai an aura masa makamashi. Kowace jaruma kuma "tace" take yi, daga farkon littafi har ƙarshe, ba ka taɓa ganin kokon da aka dama ba. Ƙugiya ma an sallame ta: an yi wa Hajiya baƙi daga Dubai, aka rubuta an yi mata "baki", mai karatu ya shiga neman wanda ya tsine mata.

Ka yi gyara, a ce kai ɗan hassada ne. In an sassauta, a ɗora wa waya laifi, alhali Gboard na da ɓ da ɗ da ƙ kyauta. Wayar da ta iya rubuta gargaɗi mai layi goma cewa ba a yafe wa wanda ya karanta bai biya ba, ita ce wai ta kasa ɗiga aya.

Su kuma malaman jami'a kada su yi dariya da yawa. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, amma har gobe ka haɗa uku daga cikinsu kan "a kan" da "akan", sai an kira sallah ba su tashi ba. Ɗalibi ya fito da digiri, ya rubuta "xan xo" a takardar neman aiki.

Da na yi wa wata ƙanwata maganar, cewa ta yi: "Yaya, masu karatuna dubbai ne, ba wadda ta taɓa tambayata aya. Kai da kake da ita, mutum nawa ke karanta ka?"