Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Baba Keke

Zuwa ga Baba Keke, mai baƙin kai da zanen ruwan zinari,

Ina fata ka kwana lafiya a ƙarƙashin tsohon zanen da nake lulluɓe ka da shi. Na san ka girme ni, don a hannun mahaifina na taso na gan ka, har sunan da ke jikinka ya goge. To amma maganar baki ta ƙi ci. Na yi lallashi, na yi faɗa, kai kuwa sai ƙaƙat-ƙaƙat ɗinka kake yi kamar ba da kai ake ba.

Ƙarar da na shigar ta rashin adalci ce. Ranar Talata Alhaji ya kawo shadda 'yar Kantin Kwari, irin wadda tela ke yin bisimilla sau uku kafin ya sa mata almakashi. Na yanka ƙafar wando, ɓari biyu, tsawonsu ɗaya kamar tagwaye, na haɗa baki da baki na miƙa maka. Ko da muka kai ƙarshe, na ƙasa ya ƙare, na sama ya yi rarar yatsa biyu, ga ɗinkin ya tattare kamar goshin mai bin bashi. Haba Baba! Mai mata biyu da zai yi irin wannan rabon kwana ai da tuni yana gaban alƙali. Ka ja uwargida kun yi gaba, ka bar amarya tana jan ƙafa.

Sai na kira dattijon nan mai gyara, wanda ya ɗaure tabaransa da zare, don ya zame mini shaida. Ya kwance sukurori biyu, ya ɗaga farantin da ke ƙarƙashin allura. Subhanallahi! Burbushin zare ya cushe tsakanin haƙoranka, ya danƙare kamar katifa. Ya sa tsohuwar allura yana zaƙulowa, har da jan zaren wani anko da aka yi bikinsa shekara uku da suka wuce. Ya shinshina yatsansa, ya ce, "Yaro, wane mai kake ba shi?" Na ce man keke. Ya ce, "Man keke ba ya ƙamshin ƙuli-ƙuli." Na sunkuyar da kai. Gaskiya ne, da azumin bara man ya ƙare na ɗiga maka man gyaɗa, ashe bushewa yake yi ya zama danƙo ya riƙe maka gaɓoɓi. Sai da aka yi maka wankan kananzir.

A nan ya karantar da ni abin da shekara goma sha biyar ina taka ka ban sani ba. Ya ce haƙoranka tafiya huɗu suke yi: su taso, su ja yadi baya, su nutse, su dawo. Wani Ba'amurke, Allen Wilson, shi ya yi wa wannan dabara rajista a 1854, kuma har yau ita kekuna ke bi. Tasowar ba ta wuce kamar milimita ɗaya a saman faranti, don haka datti kaɗan ya isa ya ɓata lissafi. Kuma yadin ƙasa kaɗai suke kamawa, na sama biyo shi yake yi. Idan ƙafar da ke danne yadi ta matsa fiye da kima, sai ta riƙe na sama. Sukurun da ke tsakar kanka shi ke daidaita wannan, ni kuwa tun ranar da na ɗinka tamfol na ɗaure shi tamau, ban sake waiwayarsa ba.

Da ya ce in taka ya gani, ban yi taku biyar ba ya make mini hannu. "Kai ne keken ko shi? Saita masa hanya kawai, daina fizgar yadin ta baya, allura za ka lanƙwasa." Na zo da shaida, shaida ya koma lauyanka. Laifi tudu ne, Baba.

Saboda haka na janye ƙara. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari: dattijo ya ce haƙoranka na gefen hagu sun fara cinyewa, shi ya sa kake karkata yadi, kuma bayan Sallah sai an sa maka sababbi. Kafin nan mu yi yarjejeniya. Duk Juma'a zan share maka haƙora, in ɗiga maka mai na gaskiya, in kafe dogon ɗinki da fil kafin in miƙo. Kai kuma ka raba kwana daidai, don saura kwana tara Sallah, kaya sun kai rufin shago.

Roƙo ɗaya ya rage. Wandon Alhaji na farke shi cikin dare, kuma ka san shadda ba ta ɓoye ramin allura. Abokan sana'ata suna fakewa da ɗauke wuta, kai kuwa da ƙafa ake taka ka. Don haka idan ya tambaya, zan ce kai ne. Ka yi shiru yadda ka saba.

Ɗanka mai biyayya,
Tela na bakin kasuwa