Laifin Hannun Hagu

Duk jajibirin Sallah, daga Kano zuwa Maraɗi, ba a rasa wata daga cikinmu da za ta leƙa gidan mai ƙunshi, ta ga layi har zaure, ta ji kuɗin da ake yankawa, ta taɓe baki ta ce: "Wannan ɗin? Ai ni ma zan iya." Ni dai a ganina, daga wannan magana ake samun yawancin hannayen da ke ɓuya cikin hijabi a filin idi. Basira kam muna da ita. Matsalar ita ce hannu biyu gare mu, ɗaya ne kawai gwani, shi kuma gwanin ba ya iya yi wa kansa aiki.

Kowa ta san yadda abin yake tafiya. Za mu kwaɓa lalle, mu tace, mu ɗura a leda, dama ta zana wa hagu fure da ganye har mu fara tunanin buɗe shago. Daga nan sai aiki ya dawo kan hagu, wadda ko cokali ba ta saba riƙewa ba, ga ta kuma jiƙe da lalle. Ita za ta matsa leda, ita za ta manna salatif, furen da aka yi niyya ya fito kamar sawun kaza a taɓo. Da hannu biyun sun ɗauru, a lokacin ne hanci zai tuna da ƙaiƙayi, waya ta ɗau ƙara, miya ta fara ƙauri, auta ya ce zai zaga. Wadda ta daure ta ɗaure hannu a leda ta kwanta kuwa, barci ba ya sanin alkawari: gari na wayewa za ta tarar da rabin zanen a kumatu, sauran a zanen gado.

Da kuskuren na wankuwa da sabulu, da ban ɗaga murya ba. Amma ganyen lalle na ɗauke da wani sinadari da ke kama sinadarin da aka gina fata da farce da shi, ya riƙe gam. A fata yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya koɗe. A farce ba ya koɗewa, sai dai farcen ya tsiro a yanke, kuma farcen hannu kusan milimita 3 kacal yake ƙaruwa a wata. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, ke nan ɓarnar da hagu ta yi a ƙarshen azumi za ta halarci rabon naman layya. Wata za ta ce to a koma jan farce na kwalba, tunda shi ana gogewa. Sai dai malamai sun yi bayani cewa yana hana ruwan alwala kaiwa ga farce, lalle kuwa launi ne kawai yake bari. Mai salla biyar a rana ba za ta ƙare a shafawa da gogewa ba.

Sai batun kuɗi da layi, kuma ban raina shi ba. Amma mai cewa ta yi tattali ta zauna ta yi lissafi da gaskiya: lalle, salatif, mahalabiya, lemon tsamin da za a ƙarar wajen neman goge ɓarna, da zanen gadon da ya tashi daga aiki. Ƙarshenta ma gidan mai ƙunshin za a koma a ce ta gyara, ita kuma ta caji kuɗin gyara har da na dariya. Layin kuwa mu muke haɗa wa kanmu, don jan lalle sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna sosai. Wadda ta je saura kwana uku Sallah ta huta da cunkoso, kuma ranar idi launinta ya fi na 'yan jajibiri.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta lafiya. Abin da ake kira baƙin lalle galibi ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda kan sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuraje, wani lokaci sai bayan kwanaki, har ya bar tabo. Gaskiya ne, amma sinadarin bai san gidan mai ƙunshi da ɗakinki ba, duk inda aka shafa shi halinsa ɗaya. Maganin shi ne ki buɗe baki ki ce, "Hajiya, ja zalla nake so." Inda na sallama shi ne yankan farce. Masu yawo da almakashi da soso da ruwan kumfa suna da saurin hannu, amma almakashi ɗaya ne ke zaga kasuwa, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B na iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki. Wannan aikin hagu ma tana iya shi, in dai an raba ta da reza.

Saboda haka ga hukuncina, 'yar'uwa. Farcenki ki yanke da abin yankanki, ko ki miƙa wa mai yankan kayan aikinki. Ƙunshi kuwa ki kai wa masu shi, ki je da wuri, ki biya ba tare da mita ba. In kuma aljihu ya ƙi, ki nemi maƙwabciya ku yi wa juna, kowa da hannun damarta.