Sannunku da aiki, masu ruwa da tsaki

Duk mai son ya ga yadda ake aikin gayya a birni, ya zo Kano. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to mu nan hannuwa sun yi yawa har jinkar ta rasa inda za ta sauka.

Dubi yadda aka raba aiki a Filin Idi na Ƙofar Mata, kowa da nasa, ba mai shiga gonar wani. Gwamnatin Ganduje ta ba da fili, masu kuɗi suka zuba gini, ɗan kasuwa ya tattara jarinsa, wani har da sayar da gonar gado, ya kama shago. Aka rantsar da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayun 2023, ba a yi mako biyu ba ta kawo tata gudummawar, wato katafila. Matasa su ma ba a bar su a baya ba, suka kwashe rodi da ƙofofi da tagogi tun ƙura ba ta lafa ba. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30, daga baitulmalin da talaka ke zuba wa haraji. Ina aka taɓa ganin haɗin kai irin wannan? Hatta wanda bai san an yi ginin ba ya samu rabonsa na biyan kuɗin rushe shi. Otal ɗin Daula ma da sunan haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa aka sake gina shi, shi ma katafilar ba ta yi masa rowa ba.

Sai taron tuntuɓa, wanda ya fi komai burge ni. A kama ɗakin taro mai sanyi, a jera ruwan roba a babban teburi. Mai unguwa, wanda ya san kowace kwata da kowane lungun da ruwa ke bi, a ajiye shi a layin baya don kada a wahalar da dattijo da magana. Ya sa hannu a takardar halarta, a ɗauki hoto, a miƙa masa kuɗin mota. Wannan ai girmamawa ce. An riga an gama shawara tun kafin a buga katin gayyata, me zai sa a ɗora masa nauyin tunani? Mai tura baro da mai kwasar shara da matar da ke tuyar awara a bakin titi kuwa, an tausaya musu, ba a raba su da sana'arsu ko na awa ɗaya ba.

Kuma a daina cewa ba a damawa da 'yan kasuwa. A daminar 2022 'yan Kantin Kwari sun zama masu ruwa da tsaki na haƙiƙa: ruwa a cikin shago, tsaki a baki. An yi gini a kan hanyar ruwa, hukumar da ke ba da izinin gini ta nuna kawaici irin na surukai, shara ta toshe abin da ya rage na magudana, ruwan sama ya cika nasa alkawarin. Dilolin atamfa da shadda suka jiƙe sharkaf, mutum ya tsaya yana matse jarin shekara ashirin da hannunsa kamar mai wanki. Kududdufan da kakanni suka bari suna shanye ruwan birni an cike su an yanka filaye, badala kuma ana ta gutsurarta, don dai a nuna wa duniya ba ma barin ƙasa ta zauna banza.

Allah ya saka muku. Kura ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi, an kuma kafa kwamitin da zai binciki dalilin kukan kurar. Mai unguwa na nan ya wanke babbar rigarsa, yana jiran katin taro na gaba.