Hunturu Ya Ƙarato, Kowa da Irin Shirinsa

Daga ƙarshen Nuwamba iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zube ta a rufin kowa. A kudancin Kano abin ya fi cizo. Doguwa tudu ce, kuma duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, suna da ɗarin da ɗan birni ba ya gaskatawa sai ya kwana can. Mutanen Tiga kuwa ga jaura, ga ruwan dam ɗin da gwamnatin Audu Bako ta gina a farkon shekarun 1970. Sanyi ba ya zuwa a ɓoye, amma wajen tarbarsa ake gane halin kowa.

Akwai Malam Bana-Ba-Sanyi. Kowace shekara yana da hujja: damina ta yi tsawo, ko ta yi gajarta, duk dai ba za a yi ɗari ba. Lokacin da maƙwabta ke zaɓen bargo da rigunan gwanjo da araha, shi yana dariya. Ranar da muku-muku ya sauka sai a gan shi gaban mai gwanjo da tsadar tsiya, ya dawo da jibgegiyar rigar mata mai gashi a wuya, yana cewa yayi ce.

Kishiyarsa shi ne mai toshe-toshe. Taga ta sha kwali, ƙasan ƙofa ya sha tsumma, sannan a shigo da kaskon gawayi a turo ƙyaure. Wannan ba abin dariya ba ne sosai. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da guba marar wari, mutum ya ji barci mai daɗi, da safe sai an ɓalle ƙofa. Ƙaninsa na zamani hita yake tsomawa a bokiti. A ɗauke wuta ya tafi masallaci, a dawo da ita ba kowa a gida. Duk shekara hukumar kashe gobara ta Jihar Kano tana jan kunne, shi kuma yana ɗauka da maƙwabcinsa ake.

Sai direban da ya raina batir. Sanyi na rage ƙarfin batir, yana kuma daskarar da baƙin mai, don haka tsohuwar mota da asuba sai lallashi. Maimakon ya sayi sabo tun da kaka, gogan ya gano dabara: kullum a gangare motarsa ke kwana, hancinta na kallon ƙasa. Idan gangaren bai wadatar ba, fasinjan da ya biya kuɗin kujera shi zai sauko ya tura. Abin tace iska ya cushe da ƙura, mota na shan mai kamar raƙumi ya iso rijiya, shi kuwa laifin gidan mai yake gani. Fitila ɗaya gare shi, da ita zai ratsa dajin Falgore cikin hazo, a hanyar Jos, inda garken shanu kan tsallaka titi ba sallama. In an yi magana ya ce hanyar a kansa take.

Wanda ya yi sulhu da ruwa ba ya buƙatar dogon bayani. Alwala dole ce, wanka kuwa sai Juma'a, sauran kwanaki turare da man kaɗanya.

Wajen kuɗi aka fi rabuwa. Manomin shinkafa a Tudun Wada ko na masara a Doguwa yakan tashi da buhuna daidai lokacin da hatsi ya fi araha, kuma daidai lokacin da bukukuwa ke layi. Wani ya sayar duka ya ƙara aure, kafin Fabrairu yana neman bashin itace. Wani ya ƙulle rumbu, ko kwano ba ya fita, yara na tari ba rigar sanyi, shi yana jiran farashin hatsi a kasuwar Dawanau ya tashi. Hunturun farkon 2023 ya wahalar da su duka: canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya kasa biyan shayi a Kwanar Dangora, mai buhu kuma ya karyar da kayansa ga duk wanda ya zo da tsaba. Da aka cire tallafin mai a Mayun shekarar, gawayi da itace ma suka ɗaga kai. Mai wayon cikinsu uwargida ce, wadda ta tsara kwasar adashinta ta faɗo a Nuwamba, ta tara kara da itace tun ana girbi, ba ta kuma faɗa wa maigida nawa ta kwasa ba.

Mutum ɗaya ne ke murna, manomin alkama da ke ban ruwa daga Tiga. Alkama sanyi take so, in zafi ya yi saurin shigowa ƙwaya ba ta cika. A majalisar mai shayi kowa na roƙon Allah ya kawo sauƙin ɗari, shi yana cewa amin a ciki-ciki. An taɓa tsare shi a kan haka, ya ce shi ma sauƙi yake roƙo, amma daga tsakiyar Maris.