Madalla da Ƙasar da Ta San Hutar da Tsohon Soja

Amurkawa dai ba su san darajar mazan jiya ba. Tun 1944 suka kafa doka wai in za a ɗebi ma'aikatan gwamnati, har da na gidan waya, a ƙara wa tsohon soja maki biyar, wanda ya dawo da naƙasa kuma goma. Ka ji rashin tausayi! Mutum ya sha ruwan harsashi, ya dawo gida, maimakon a bar shi ya miƙe ƙafa, sai a rataya masa jakar wasiƙu, a ɗora masa albashi duk mako biyu. Allah Ya raba mu da irin wannan wahala.

Mu kam mun iya karramawa. Ka leƙa Safana ko Batsari, ba za ka rasa tsohon saje ba, irin waɗanda suka yi Laberiya zamanin ECOMOG. Babu wanda ya takura masa da aikin ofis. In ya matsa, ga gadi a Katsina: benci, tocila, 'yar rediyo, da buta a gefe. Alhaji na danna hon, ya zabura ya ja ƙofa, ya ƙame, ya sara. Ashe horon bariki bai tafi a banza ba.

Gurbin aikin gwamnati kuwa, ai na masu uwa a gindin murhu ne, kuma daidai ke nan. Ina amfanin tabon yaƙi ga mai takardar Ranka ya daɗe? Yaron ma ya yi nasa yaƙin, ranar zaɓe.

To, wasiƙar ma wa tsohon sojan zai kai wa? A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina, da Batsari da Safana a ciki, muka yi watanni muna aika saƙo ta bakin direbobin mota. Wani mai ƙaramin tunani zai ce da an samu tsohon soja da babur da jaka, wanda ya san hanyar Runka da Ruma, ƙarar bindiga ba ta firgita shi, da an rage zafi. Shirme! Ai mutanen daji sun ɗauke wa hukuma wannan nauyi. A maƙwabtanmu na Zamfara takardar harajinsu har hannun mai gari take zuwa, ba kan sarki, ba latti.

Kuma kada a ce an manta da tsofaffin sojoji. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tantabaru, a busa begila. Wanda bai ƙoshi da wannan ba, ya nemi kuɗin mota zuwa Abuja. Ƙofar Ma'aikatar Kuɗi na da faɗi, kuma 'yan uwansa sun sha shimfiɗa tabarma a wurin suna jiran haƙƙinsu. Ya dai tafi da bargo, sanyin asuba ba ya duba igiyar kafaɗa.